Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Siffar Harsashi, Awon Albarushi da Ran Ungulu

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙauye kamar yadda na tashi, ya san yadda maharbi ke ɗura bindigar toka. Zai zuba albarushi a tafin hannu, ya dube shi, ya juye a bakin bindiga, ya tura tsumma, ya danna da sanda, sa'an nan ya zuba ƙwayoyin dalma ya sake toshewa. Ma'auninsa ido ne da sabo. A wasu ƙasashe kuwa, musamman Amurka, akwai mafarauta da masu gasar harbi da ke haɗa harsashin bindigar zamani da hannunsu a gida, bisa iznin dokar ƙasarsu. Su ba su yarda da awon ido ba. Suna amfani da ma'auni mai iya bambanta nauyin da bai wuce na ƙwayar gero guda ba, kuma suna da wata ƙa'ida da gwanayensu ba sa karyawa: idan ka canza siffar ƙwayar harsashi, ko da nauyinta bai canza ba, to ka rage albarushi, ka koma farkon gwaji.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa malamin ilmin halittu da awon albarushi? Amsar ita ce ungulu. A cikin shekarun nan an matsa wa mafarautan Amurka da na Turai lamba su bar harsashin dalma su koma na jan ƙarfe, domin an tabbatar dalmar na kashe tsuntsaye masu cin mushe. Da yawa daga cikinsu sun yi ƙorafi cewa sabon harsashin ya fi tsawo, ya fi tauri, kuma ya rushe musu awon da suka yi shekaru suna gyarawa. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ƙorafin nasu yana da tushe a kimiyya, amma bai isa hujjar ci gaba da amfani da dalma ba. Haka kuma ina ganin akwai darasi a cikin wannan ƙa'ida tasu da ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya riƙe, ko da ba zai taɓa riƙe bindiga ba har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da Ke Cikin Harsashi

Abin da muke kira harsashi a dunƙule abubuwa huɗu ne. Akwai kwanso, wanda galibi da tagulla ake yin sa. Akwai ɗan ƙyastu a gindin kwanson, wanda ke tartsatsi idan allurar bindiga ta doke shi. Akwai albarushi a ciki. Sa'an nan akwai ƙwaya a baki, wadda ita kaɗai ce ke fita ta tafi wurin abin da aka hara. Mai ɗurin hannu yana tsince kwanson da ya harba, ya wanke, ya gyara, ya sa sabon ƙyastu, ya auna albarushi, ya dasa sabuwar ƙwaya. Ma'aunin da suke amfani da shi ana kiran sa giren. Giren 7,000 ne laba guda, wato giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba. Ƙwaya mai giren 150 ke nan ta ɗan gaza giram goma.

Albarushin zamani ya sha bamban da baƙin albarushin bindigar toka. Wani masanin kimiyyar harhaɗa sinadarai ɗan Faransa, Paul Vieille, shi ne ya samar da albarushi marar hayaƙi a 1884, kuma sojojin Faransa suka fara amfani da shi a bindigarsu ƙirar Lebel ta 1886. Wannan albarushi yana da wata ɗabi'a da ita ce tushen duk maganarmu: gwargwadon ƙaruwar matsin da ke kansa, gwargwadon saurin cinsa. Idan ya ci da sauri sai ya ƙara fitar da iskar gas, iskar ta ƙara matsi, matsin ya ƙara saurin ci. 'Yan ajin ilmin halittu sun san irin wannan zagaye a jikin ɗan'adam. Lokacin naƙuda, matsin kan jariri yana sa jiki ya saki sinadarin oksitosin, sinadarin ya ƙara matse mahaifa, matsewar ta ƙara sa a saki sinadarin, har a haihu. A kowane zagaye irin wannan, ƙaramin canji a farko yana zama babba a ƙarshe.

Duk wannan yana faruwa cikin abin da bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Matsin kuwa ba na wasa ba ne. Ƙungiyar masana'antun makamai ta Amurka mai suna SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta ƙayyade wa harsashi samfurin .308 Winchester iyakar matsi na laba 62,000 a kan kowane murabba'in inci. Wannan ya zarce matsin iskar da muke shaƙa fiye da sau dubu huɗu, kuma ya kusa ninka iskar tayar ƙaramar mota sau dubu biyu. Abin da ke tsakanin wannan ƙarfi da idon maharbi shi ne ɗan kwanson tagulla da ƙarfen bindiga.

Yadda Siffa Ke Canza Matsi

Hankali na farko zai ce, idan ƙwaya biyu suna da nauyi ɗaya da kauri ɗaya, ai awon albarushinsu ɗaya ne. A nan ne kuskuren yake, kuma ta hanyoyi huɗu yake shigowa.

Hanya ta farko ita ce tsawon jikin da ke gogar bututu. Ƙwaya mai dunƙulallen kai da shafaffen gindi tana da dogon jiki miƙaƙƙe da ke manne da bangon bututu. Ƙwaya mai tsinin kai da tsukakken gindi kuwa, yawancin tsawonta ba ya taɓa bango. Idan gogayya ta yi yawa, ƙwayar za ta yi nawar tashi, iskar gas ta taru a bayanta, matsi ya hau.

Hanya ta biyu ita ce zurfin dasawa. Kowace bindiga tana da iyakar tsawon harsashin da za ta ɗauka. Saboda haka idan ƙwaya ta fi tsawo, tilas a ƙara cusa ta cikin kwanso, ta cinye filin da iskar gas za ta fara bazuwa. Ɗaliban da suka karanta dokar Robert Boyle ta 1662 sun san cewa idan aka rage wa iska fili, matsinta na ƙaruwa. A cikin kwanso lamarin ya ma fi haka tsanani, saboda zagayen nan da muka ambata.

Hanya ta uku ita ce tazarar da ke tsakanin ƙwaya da tsagin bututu. A cikin bututun bindigar zamani akwai tsagi masu murɗewa da ke sa ƙwaya ta riƙa juyawa. Kafin ƙwaya ta iso tsagin nan takan yi ɗan tsalle a sake. Siffar kafaɗarta ce ke ƙayyade inda za ta fara cin karo da su. Ƙwaya mai faɗin kafaɗa za ta iya kasancewa a jingine da tsagin tun kafin a harba, alhali mai siririn tsini da ke da tsawo iri ɗaya tana da sauran tazara. Kwatanta mai tura mota da ya samu ta fara gangarawa kafin ya iso tudu, da wanda tayarsa ke jingine da tudun tun farko. Wanne ne zai fi yunƙuri?

Hanya ta huɗu ita ce taurin ƙarfen. Tsagin bututu sai sun huda jikin ƙwaya kafin ta wuce. Ƙwayar da ke da cikin dalma da siririyar rigar jan ƙarfe tana lotsawa cikin sauƙi, domin dalma mai laushi ce, har farce na iya yi mata shaida. Ƙwayar jan ƙarfe zalla ba ta lotsawa haka.

Yanzu sai mu duba abin da ke faruwa idan mafarauci ya koma jan ƙarfe. Santimita ɗaya mai fuska shida (kubik) ta dalma tana da nauyin giram 11.3, ta jan ƙarfe kuwa giram 8.96. Idan ka raba na farko da na biyu za ka ga jan ƙarfe na bukatar ƙarin fili kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kafin ya kai nauyin dalma zalla. Tun da bututu ya riga ya ƙayyade kauri, ƙarin ba shi da inda zai tafi sai tsawo. Ke nan canji ɗaya na iya taɓa hanyoyin nan huɗu a lokaci guda. Ga kuma matsala ta biyar da ba ta shafi matsi ba: doguwar ƙwaya na bukatar juyi mai sauri kafin ta tafi sak, kamar yadda mazari ba ya tsayawa a miƙe sai yana kaɗawa. Sir George Greenhill na Ingila ya fitar da lissafin wannan tun 1879. Bututun da tsaginsa ke cika zagaye ɗaya a santimita 25, idan ƙwaya ta fita da gudun mita 850 a daƙiƙa, zai juya ta sau 3,400 a daƙiƙa guda. Wannan juyi na iya isar gajeriyar ƙwaya, ya gaza wa doguwa.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Manyan rundunonin soja ma sun sha wannan darasi. Harsashin sojojin Jamus na 1888 yana da dunƙulallen kai da nauyin giram 14.7. A 1905 suka koma mai tsini, mai nauyin giram 9.9, suka canza albarushi, suka ƙara masa kauri daga milimita 8.08 zuwa 8.20. Sai da aka gyara tsofaffin bindigogi, aka buga musu harafin S don a san waɗanda za su iya ɗaukar sabon harsashin, domin kuwa harba shi a tsohon bututu matsattse haɗari ne. Amurka ta bi sahu a 1906, ta bar ƙwaya mai dunƙulallen kai ta giren 220 ta ɗauki mai tsini ta giren 150, kuma ita ma sai da ta mai da bindigogin da ta riga ta ƙera masana'anta aka gyara su. Idan gwamnatoci masu injiniyoyi da ɗakunan gwaji ba su ɗauki canjin siffa a matsayin ƙaramin abu ba, ina ga mutum guda a ɗakin ajiyar motarsa?

Akwai wani abin lura kuma. Ƙwayar da Faransa ta ɗauka a 1898, wadda ake kira Balle D, tagulla ce zalla, ba ta da cikin dalma. Harsashi marar dalma ke nan ya haura shekara ɗari da ashirin a duniya. Wanda ya ce baƙon abu ne da masu kare muhalli suka ƙago jiya, bai karanta tarihin sana'arsa ba.

Ƙa'idar Gwanaye

To, yaya mai hankali yake yi idan ya canza ƙwaya? Da farko yakan nemi littafin awo na kamfanin da ya ƙera ita wannan ƙwayar, domin kamfanonin suna gwada kayansu da na'urar auna matsi, abin da ba ya da shi a gida. Ba ya aron awon wata ƙwaya don kawai nauyinsu ya zo ɗaya. Na biyu, yakan fara daga awon farko da littafin ya nuna, wanda galibi ya gaza iyaka da kimanin kashi goma cikin ɗari, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan yana harbawa yana dubawa. Ba ya kuma sauka ƙasa da awon farkon, domin ƙarancin albarushi ma yana da nasa haɗarin: ƙwaya na iya maƙalewa a bututu, harbi na gaba ya same ta a can. Na uku, abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda. Na huɗu, yana rubuta komai. Na biyar, yana duba kwanson da ya harba: ƙyastun da ya baje, sakatar bindiga da ta yi taurin buɗewa, tabon da ya fito a gindin kwanso. Gwanayen ma sun san cewa waɗannan alamomi sau da yawa ba sa bayyana sai an riga an ƙetare iyaka, shi ya sa suke haɗawa da na'urar auna gudu, kuma ba sa wuce abin da littafi ya ƙayyade ko da ba su ga alamar komai ba.

Malamai 'yan'uwana, ku sake karanta wannan jeri. Ashe ba shi ne abin da muke wahalar koya wa yara a ɗakin gwaji ba? Ka dogara da awon da aka tabbatar, ka canza abu guda, ka rubuta, kada ka yarda da kamanni. A fagen ilmin halittu muna da irin wannan tarko. Kyanwa da ɗan kwikwiyo na iya zama nauyi ɗaya, amma ƙwayar farasitamol da mutum ke sha ba tare da damuwa ba tana iya kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke warware maganin. Wanda ya auna magani da nauyi kaɗai ya yi kuskuren wanda ya auna albarushi da nauyin ƙwaya kaɗai. Hausawa sun gama magana da suka ce kama da wane ba wane ba ne.

Dalma da Ungulun Kalifoniya

Me ya sa za a ɗora wa mafarauci wannan wahala? A yammacin Amurka akwai wata irin ungulu da ake kira kondor, wadda faɗin fukafukanta ya kusa mita uku. Ba ta fara haihuwa sai ta kai kimanin shekara shida, kuma galibi ƙwai ɗaya take yi a shekara biyu. Dabba mai irin wannan jinkirin haihuwa ba ta iya mai da gurbin manyanta idan suna mutuwa da wuri. A 1982 guda 22 kacal suka rage a duniya. A 1987 aka kame sauran na daji, aka haɗa da na gidajen namun daji suka zama 27, aka shiga kiwon su. An fara sake su a Kalifoniya a 1992, sa'an nan a Arizona a 1996, kuma zuwa 2019 yawansu ya haura 500, idan aka haɗa na daji da na tsare.

Sai dai abin da ke kashe su bai gushe ba. Ƙwayar dalma idan ta doki dabba da gudu takan tarwatse. Hotunan eksire da masu bincike suka ɗauka na barewar da aka harba sun nuna ɗaruruwan ɓarɓashi warwatse nesa da hanyar da ƙwayar ta bi, wasu ido ba ya ganin su. Mafarauci yakan farke cikin dabba a daji, ya bar kayan ciki, ya tafi da nama. Ungulu ta sauka ta ci. Ruwan cikinta yana da tsami ƙwarai, wanda shi ke ba ta damar cin mushe ba tare da ta kamu da cuta ba, amma shi ne kuma ke narkar da dalmar ta shiga jini. A cikin jiki dalma takan yi shigar burtu, ta zauna a gurbin kalsiyam a ƙashi da jijiyoyi, ta kuma toshe sinadaran da ke haɗa jan launin jini. Tsuntsun sai ya rame, hanjinsa ya daina motsi, ya mutu da yunwa alhali maƙogwaronsa cike yake da abinci.

A 2012 Myra Finkelstein ta Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya gwada nau'in dalmar da ke jinin tsuntsayen da ta harsashi, suka ga sun dace. Sun kuma nuna cewa a kowace shekara kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tsuntsayen da ke sake suna da dalmar da ta kai a kama su a yi musu magani. Matsalar ba ta tsaya ga kondor ba. A 2022 mujallar Science ta buga binciken gaggafa 1,210 daga jihohi 38 na Amurka, wanda ya gano kusan rabinsu na ɗauke da alamar daɗaɗɗiyar gubar dalma. A Botsuwana, binciken da aka wallafa a 2018 ya samu dalma mai yawa a jinin kusan kashi ɗaya cikin uku na ungulayen da aka gwada, kuma abin ya fi yawa a lokacin farauta. Mutum ma bai tsira ba: a 2008 hukumomin Dakota ta Arewa sun janye niƙaƙƙen naman barewa daga rumbunan ciyar da mabukata, bayan an ga ɓarɓashin dalma a cikinsa.

Hujjojin Masu Ja

Adalci ne a saurari mafarauta. Suna cewa harsashin jan ƙarfe ya fi tsada. Gaskiya ne a mafi yawan lokuta, amma mai farautar barewa harsashi kaɗan yake harbawa a kan dabba a shekara, kuma kuɗinsu ƙalilan ne idan aka kwatanta da na lasisi da man mota. Suna cewa yana ɗaga matsi kuma yana barin dattin jan ƙarfe a bututu. Wannan ya fi shafar samfuran farko. Kamfanin Barnes ya fitar da ƙwayar jan ƙarfe zalla a 1989, sa'an nan a 2003 ya fitar da wadda aka yanka wa zobba a jiki, don rage wurin gogayya da ba wa ƙarfen da tsagi ya ture wurin zama. Wannan ya sa ba daidai ba ne a ce kowace ƙwayar jan ƙarfe ta fi ta dalma matsi. Abin da ke daidai shi ne kowace da nata awon. Suna cewa doguwar ƙwaya ba ta tafiya sak a tsohuwar bindiga, kuma jan ƙarfe na bukatar gudu sosai kafin bakinsa ya buɗe a jikin dabba. Maganin duka biyun ɗaya ne, wato a ɗauki ƙwaya mai ƙarancin nauyi, wadda ta fi gajarta kuma ta fi gudu. Ba a yi asara ba, domin jan ƙarfe yana riƙe kusan dukkan nauyinsa bayan ya doki dabba, alhali ƙwayar dalma na iya zubar da kashi ɗaya cikin uku nata. Inda na yarda akwai sauran aiki shi ne ƙananan bindigogi da tsofaffin samfura waɗanda zaɓinsu bai yawaita ba.

Sauran gardamar ita ce, doka ko lallashi? Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma tun 1991. Tsibirin Hokkaido na Japan ya hana harsashin dalma a farautar barewa a 2000, bayan mutuwar manyan gaggafan teku. Kalifoniya ta fara da yankin kondor a 2008, ta faɗaɗa zuwa dukkan jihar daga 1 ga Yuli, 2019. Denmak ta hana shi a bindigogin farauta daga Afrilun 2024. Arizona kuwa ta zaɓi lallashi: tun 2005 take ba mafarautan yankin kondor harsashi marar dalma kyauta, ko ta roƙe su su kwashe kayan cikin dabba daga daji, kuma mafi yawansu sun amsa. Ni a ganina ba ɗayan da zai wadatar shi kaɗai. Lissafin Finkelstein ya nuna ko da mushe ɗaya cikin ɗari biyu ne ke da dalma, da wuya kondor ta yi shekara goma ba ta ci karo da shi ba. Irin wannan matsala tana bukatar kusan kowa ya bi, kuma babu ma'aikacin gandun daji da zai iya bin kowane mafarauci cikin tsauni. Doka na sa kamfanoni su wadata kasuwa, amma sai mafarauci ya gamsu a ransa zai bi ta inda ba mai ganin sa. A nan masu ɗurin hannu ke da muhimmanci, domin su ne waɗanda sauran mafarauta ke tambaya. Mutumin da ya saba komawa farkon gwaji saboda kafaɗar ƙwaya ta canza, bai kamata komawa saboda ran tsuntsu ya gagare shi ba.

Mu Fa?

Ɗurin harsashin zamani ba al'adarmu ba ce, kuma dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana mallaka ko ƙera bindiga da harsashi ba tare da lasisi ba. Ban rubuta wannan don wani ɗalibi ya gwada ba. Amma abubuwa uku sun shafe mu kai tsaye. Na ɗaya, duk mai ɗan'uwa maharbi ya gaya masa kada ya kuskura ya farke harsashin zamani ya juye albarushinsa a bindigar toka. Bututunta ba a yi shi don wannan matsi ba, zai iya fashewa a fuskarsa. Na biyu, mun san dalma sanin baƙin ciki. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda yara kimanin 400 suka rasu sanadiyyar ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Hanyar daban ce, amma ƙarfen ɗaya ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Saboda haka naman dajin da aka harba da dalma a yanke wurin raunin da faɗi a binne, kada a ba yara da masu juna biyu, kuma kada a narka dalma a tukunyar girki ko kusa da yara. Na uku, ungulayen da muka saba gani a mahauta da kan rufin kasuwa sun yi ƙaranci, har a 2015 aka sa irin tamu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Manyan dalilan a nan su ne guba da kama su don sayar da sassansu, amma darasin Indiya ya ishe mu: lokacin da maganin dabbobi na diklofenak ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu ungulayenta tun daga shekarun 1990, mushe ya taru, karnukan titi suka yawaita.

Kammalawa

Shawarata ga malamai ita ce su kawo wannan batu aji ba tare da bindiga ko albarushi ba. Sirinji marar allura da aka toshe bakinsa da yatsa ya isa nuna dokar Boyle. Curi biyu na yumɓu masu nauyi ɗaya, a mulmula ɗaya gajere ɗaya dogo, a tura su cikin guntun bututun roba, sun isa nuna gogayya. Katantanwar da yara ke murzawa ta isa nuna yadda juyi ke tsai da abu. Daga nan sai a zana sarƙar abinci a allo, daga barewa zuwa ungulu, a tambayi yara ina dalmar ta tafi. Ɗalibin da ya amsa wannan tambaya da kansa ya haɗa kimiyyar lissafin ƙarfi da ta sinadarai da ta halittu a darasi guda. Ga mafarautan ƙetare kuwa, abin da ake nema a gare su bai wuce 'yan kwanaki a filin gwaji da sabon shafi a littafin awo ba. Duniya ta ɗauki shekaru kafin ta raba man fetur da dalma, har Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021, kuma motoci ba su daina tafiya ba. Ina da yaƙinin farauta ma ba za ta tsaya ba idan aka raba ta da dalma.